Haƙuri babu mai saurare: Abin da masu jinyar damuwa ke gani a gidajen Arewa

A farkon watan Janairun 2023 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ita kuma ta samo asali daga wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1916. Tsohuwar dokar tsarewa kawai ta sani. Sabuwar ta amince cewa mai larurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙi kamar kowane majinyaci, ta kuma yi tanadin sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun da zai ɗauki nauyin aikin. An yi murna a lokacin, kuma murnar tana da hujja.

Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da ke zama da majinyata kullum sun san cewa mafi yawan wahalar da dokar ke magana a kanta ba ta zuwa Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano. Tana zaune a shago a Kantin Kwari, tana kan teburin ma'aikaci a sakatariya, tana ɗakin amaryar da ba ta cika shekara ba. Ba a ɗaure masu ita, ba sa yawo a bola, suna sallah a kan lokaci, suna amsa gaisuwa da "lafiya lau". Su ne wannan sharhi ya shafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da na fargaba su ne kan gaba. A Najeriya, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta daɗe tana kukan cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasa ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma waɗanda ake horarwa suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya gano cewa ko cikin masu larura mai tsanani, waɗanda suka samu wata kulawa a shekarar da ta gabaci binciken ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Damuwar da ke shigowa da rigar taifod

Abu na farko da masu wannan aiki ke lura da shi shi ne, Bahaushe ba kasafai yake zuwa asibiti ya ce ransa a ɓace yake ba. Zai ce kansa na sarawa, ƙirjinsa na zafi, zuciyarsa na bugawa, barci ya ƙaurace masa, wani abu na yawo a jikinsa. Kafin ya kai ga wanda zai tambaye shi halin da gidansa ke ciki, ya sha maganin maleriya sau uku a kemis, an yi masa ƙarin ruwa na taifod, an ce yana da olsa. Ciwon da yake ji na gaske ne, domin damuwa tana taɓa ciki da jijiyoyi da bugun zuciya. Abin da ake kuskurewa shi ne tushensa. Kuɗin gwaje-gwajen da ake maimaitawa kuwa daga jarin shago ko albashin wata suke fita.

Akwai dalilin da ya sa jiki ke magana a madadin baki. Harshen Hausa ba ya rasa kalmomin ɓacin rai: akwai baƙin ciki, takaici, ƙunci, zullumi, fargaba, kaɗaici. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da aka yarda a furta su. Tun a 1974 Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa kan "mutumin kirki" a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri da kunya cikin ginshiƙan halin da al'umma ke yabo. Mai kunya ba ya tona cikinsa, mai haƙuri ba ya ƙorafi. Namiji da ya yi kuka an ce ya zubar da girma. Mace da ta kai ƙara gida an ce ba ta iya zaman aure ba. Ciwon kai kuwa ba abin kunya ba ne, kowa zai ce sannu.

Masu jinyar damuwa da suka san al'ummar ba sa ɗaukar haƙuri a matsayin abokin gaba. Sun ga yadda ya tsallakar da mutane daga asarar dukiya da mutuwar 'ya'ya da gudun hijira. Abin da suke nunawa ya fi haka zurfi: haƙurin da kakanni suka yi wasiyya da shi bai taɓa tafiya shi kaɗai ba. A babban gida, matar da aka ce ta yi haƙuri tana da goggo da ta saurare ta kafin ta faɗi haka, tana da ƙawa da uwar ɗaki, tana da damar yin yaji wanda ke tilasta wa dangin miji su zo biko a zauna a yi magana. Mai jego tana komawa gida wanka ta yi kwana arba'in a hannun mahaifiyarta. Magidanci yana da zaure da majalisa da aminin da suka yi kaciya tare. Akwai ma wasan kakanni da na taubasai, inda ake faɗin gaskiya mai ɗaci cikin raha ba tare da an ɓata ba.

Birni ya rage duk wannan. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja yana zaune a ɗaki biyu a Mararaba ko Suleja, matarsa ba ta san maƙwabciyarta ba. Sababbin unguwannin Kano da Kaduna gidaje ne masu doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Goggo tana ƙauye, ana gaisawa ta waya minti biyu. Kalmar "ki yi haƙuri" ta biyo mutane birni, amma kunnen da ke gabatarta an baro shi a baya. Idan aka faɗe ta kafin a ji ƙarshen zance, ma'anarta ta koma "ki yi shiru".

Aure a lokacin tsada

Ba za a fahimci abin da ke faruwa a ɗakunan aure ba sai an dubi kasuwa. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala da hukuma ke sayarwa kusan Naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, abin da ya cinye jarin 'yan kasuwa da yawa masu sayo kaya daga Chana da Dubai. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, a lokacin da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000.

A al'ummar da aka gina mutuncin namiji a kan ci da sha da tufatar da iyali, waɗannan alƙaluma ba na aljihu ba ne kawai. Magidancin da kuɗin cefanensa ya daina isa yana jin kamar an rage masa tsawo. Masu jinya sun lura cewa ciwon damuwa a wurin maza sau da yawa ba ya fitowa da hawaye. Yana fitowa da faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, da daɗewa a majalisa har sai yara sun yi barci, da ɗaure fuska tun daga ƙofar gida don kada a tambaye shi kuɗin makaranta. Matar kuwa abin da take gani shi ne miji ya canja, kuma fassarar da ta fi kusa da hannu ita ce ko dai zai ƙara aure, ko an yi masa asiri. Shi yana ɓoye karayarsa don kada ta raina shi, ita tana karanta ɓoyon a matsayin ƙiyayya. Mutum biyu da matsala ɗaya ta dama sai su wayi gari kowa na ganin ɗayan ne matsalar.

Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka John Gottman, wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington, ya ware halaye huɗu da suka fi nuna aure na hanyar mutuwa: sukar mutum a kan halittarsa maimakon abin da ya yi, raini, kare kai a kowace magana, da rufe baki a ƙi amsawa. Ya ce raini ne mafi muni. Ma'auratan Amurka masu mace ɗaya ya yi nazari, ba gidan da ke da kishiya da uwar miji da ƙannen miji ba, don haka ba kowane darasinsa ne zai zauna daidai a Fagge ko Tudun Wada ba. Amma duk alƙalin kotun shari'a ko jami'in Hisbah da ya taɓa zaman sulhu zai gane biyu daga cikinsu nan take. "Ta raina ni" da "ya daina yi mini magana" suna cikin jimlolin da aka fi ji a irin wannan zama. Bambancin shi ne, a nan tsoron raini yakan hana miji yin abin da zai gyara auren, wato ya zauna ya faɗa wa matarsa gaskiyar halin da kasuwa ke ciki.

Hukumomi sun fi mayar da hankali ga ƙulla aure fiye da riƙe shi. Auren zawarawa da Gwamnatin Kano ta fara a 2012 ya ci gaba, kuma a Oktoban 2023 an aurar da mutum 1,800 maza da mata 1,800 a kan kuɗi sama da Naira miliyan 800. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, da ya haɗa da na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini saboda sikila. Mataki ne mai kyau. Amma ana gwada jinin masu shirin aure, ba a tambayar yadda kowannensu ke yi idan ya fusata. A Maleshiya, ƙasar Musulmi mai bin tsarin shari'a a harkar iyali, ba a ɗaura wa sababbin ma'aurata aure sai sun halarci kwas na share fage. Daftarin dokar iyali da Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi ta fafutuka a kansa tun 2017 ya tayar da ƙura, aka yi ta muhawara a kan sharaɗin ƙarin aure, sauran abin da ke ciki ya bi ruwa.

Akwai kuma wadda aka fi mantawa da ita, wato mai jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana shiga larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Ranar suna ana kallon rago da kayan barka da ankon da aka fitar. Idan bayan sati uku uwar jariri ta kasa barci, tana kuka ba dalili, tana jin ba ta ƙaunar abin da ta haifa, ba ta da bakin faɗa, domin za a ce ta butulce wa kyautar Allah. Idan abin ya yi tsanani a ce iska ce ta shafe ta a bayi.

Malami, boka da likita

Wanda damuwa ta kama a Arewa yakan fara da malami, kuma masu jinya da suka ƙware ba sa faɗa da wannan. Addu'a da karatu da zama da mutumin da aka yarda da shi suna kwantar da rai. Inda suke ja shi ne wurin da ake mayar da ciwo laifi, a ce wa mai fama da damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Wannan magana ba ta da gindi ko a tarihin Musulunci. Shekarar da Annabi (SAW) ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib ana kiranta shekarar baƙin ciki. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan kula da jiki da rai inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka haka kawai daga yanayin jiki, ya kuma ce na biyun yana buƙatar magani. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, shi ya fassara wannan sashe zuwa Turanci, bayan ya shafe rayuwarsa yana gargaɗin masana Musulmi kada su haɗiye ilimin halayyar Turawa ba tauna.

Inda babu ido a kan masu magani, abin da ke biyo baya an gan shi. A Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa da ke Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa, sannan aka sake samun irinsa a Daura da wasu garuruwa cikin makonni kaɗan. Iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu, suna biyan kuɗi, domin ba su san wata ƙofa ba. Yawancin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje ana kai su ne da sunan shaye-shaye. Rahoton 2018 na Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An rufe kwalba, amma ba a tambayi abin da matar aure a cikin kulle take neman mantawa ba lokacin da ta aiki yaro kemis.

Saboda wurin magana ya yi ƙaranci, waya ta zama zaure. Shafukan Facebook da Instagram da TikTok cike suke da wasiƙun "a ɓoye sunana", inda mace ke zayyana sirrin aurenta, dubban baƙi su yanke hukunci kafin la'asar. Yawan masu rubutowa shaida ce ta ƙishirwar mai saurare. Amma mai jinya na gaske yana jin ɓangare biyu, yana riƙe sirri, ba ya gaya wa mutum ya fita ko ya zauna bayan karanta sakin layi uku. Masu sharhi a intanet ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji, kuma wasu masu shafukan a ƙarshe kayan mata ko maganin mallaka suke tallatawa. An kuma fara aro kalmomin asibitin Turawa ana liƙa wa duk mijin da aka yi saɓani da shi ko duk uwar mijin da ta yi faɗa, har sunan cuta ya zama zagi.

Ba kujerar Bature ake jira ba

Idan maganin shi ne kowane mai damuwa ya samu ƙwararre ya zauna da shi awa guda a kowane mako, to Najeriya ba za ta kai ba ko nan da shekara hamsin. Abin sha'awa shi ne, hanyar da ta fi dacewa ɗan Najeriya ne ya fara nuna wa duniya ita. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya a cikin aikin. Lambo ya kai matsayin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Waɗanda suka biyo baya sun gwada tunanin da ma'aunin kimiyya. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitin unguwa suna sauraren masu "yawan tunani", kamar yadda ake kiran ciwon a harshen Shona, suna taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun samu sauƙi ƙwarai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, al'ummar Musulmi mai kulle da kunya irin ta Arewa, Farfesa Atif Rahman ya horar da ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida, kuma binciken 2008 ya nuna ciwon damuwar masu jego ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da inda ba a yi ba. A 2020 Gureje da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya da na addini a kan masu taɓin hankali, majinyatan kuma suka fi samun sauƙi.

Arewa ba ta rasa irin waɗannan mutane ba. Akwai ungozoma, akwai malamar Islamiyya da mata ke bi bayan darasi su yi mata raɗa, akwai limamin unguwa, akwai mai unguwa, akwai 'yan kwamitin sulhu na Hisbah, akwai shugabannin layi a kasuwa da suka san wanda bashi ya hana barci tun kafin iyalinsa su sani. Alƙur'ani da kansa, a Suratun Nisa'i, ya yi umarnin a tayar da mai sulhu daga dangin miji da na mata idan aka ji tsoron ɓaraka. Duk suna aikin saurare a yau, ba horo, ba wanda ke duba su. Abin da suka rasa ƙalilan ne amma mai nauyi: su iya bambanta ɓacin rai na kwana biyu da ciwon da ya kai wata, su san tambayar da ake yi wa wanda ya ce ya gaji da duniya, su san cewa duka ba saɓani ba ne da za a ce a koma a yi haƙuri, su kuma san lokacin da za su ce wannan ya fi ƙarfina, a tafi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da manhajar irin wannan horo tun 2008, an kuma yi amfani da ita a Borno bayan rikicin Boko Haram.

Cikas biyu na gaban hukuma. Na farko, sashe na 231 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa iyali su ɓoye mutumin da ya fi kowa buƙatar likita. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023, kuma a Oktoban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da kwamitin da zai share hanyar yin haka a Najeriya. Na biyu, dokar 2023 ta tarayya ce, alhali asibitin unguwa da ma'aikaciyar da ke awon ciki a cikinsa suna hannun jiha da ƙaramar hukuma. Majalisun dokokin jihohi ne za su amince da dokar a gida, su ware mata kuɗi a kasafi, su sa tambayoyi kaɗan kan barci da walwala cikin katin awon ciki da na masu hawan jini, kafin mai shago a Singa ko malamar firamare a Gusau su ga wani bambanci.